Filin Mata: Kayan Gado Da Nauyin Zuciya

Makon jiya mun yi zancen amosanin jini, watau sikila, muka ga yadda mutum ya kan ɗauki irin ciwon cikin jininsa alhali kuwa shi lafiyarsa ƙalau. To, yau ga wani ciwon gado wanda hanyarsa ɗaya ce da ta sikila, sai dai ba a san shi kamar yadda aka san ta ba. Mazauninsa wata 'yar tsoka ce da ke bisa ƙoda. Tambayar da za mu bi kuwa ita ce: mace ko namijin da ke ɗauke da irin wannan ciwo, ko akwai abin da zai taɓa hankalinsa ko kwanciyar ransa saboda shi? Ku ba ni aron hankalinku, zama zancen ya shafi aure, ya shafi goyo, ya shafi zaman gida.

Hular ƙoda

Ko wace mace da ta taɓa gyara kayan cikin rago ta san ƙoda. A jikin ɗan Adam, bisa ko wace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula. Likitoci suna ce mata adirinal, mu kuwa bari mu kira ta hular ƙoda. Nauyinta wajen giram 5 ne, ba ta kai goro guda ba. Amma ƙaramin goro ya fi babban dutse, don im ba ita rai ba ya zama.

Aikinta shi ne ta dafa waɗansu sinadarai ta zuba cikin jini. Uku daga cikinsu su ne abin zancenmu. Na farko sunansa kotisol, shi ke tallafar jiki in wuya ta zo, kamar zazzaɓi, ko yunwa, ko rauni, ko tsoro. Na biyu shi ke hana gishirin jiki zubewa cikin fitsari. Na uku sinadarin maza ne, wanda ko mata ma suna da ɗan kaɗan.

Ku da kuka san lambunan rani na wajen Hunkuyi da Kudan, ku tuna da yadda ruwa ke fitowa ta hanya ɗaya sa'an nan ya rabu kwari uku. In kwari biyu suka toshe, ina ruwan zai nufa? Sai ya malala cikin na uku. Haka wannan ciwo ya ke. Hanyar kotisol da ta sinadarin gishiri sun toshe, sai kayan aikin duka su kwarara wajen sinadarin maza. Ƙwaƙwalwa kuwa, da ta ji kotisol ya yi ƙaranci, sai ta yi ta aikowa a ƙara himma, har hular ƙoda ta kumbura don yawan aiki. Likitoci suna taƙaita sunan ciwon da haruffa uku, CAH. Ku riƙe haruffan nan, za su yi muku amfani a asibiti.

Ba sabon abu ba ne a duniya. Tun shekarar 1865 wani likitan Italiya, Luigi De Crecchio, ya rubuta bayaninsa a birnin Nafoli. A 1950 Lawson Wilkins na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya nuna maganin kotizon yana gyara shi. A 1977 kuma aka fito da hanyar gane shi da ɗigon jinin diddigen jariri. A ƙasashen da a ke gwada ko wane jariri, an iske kamar 1 cikin 15,000 ne a ke haifa da mai tsananinsa.

Yadda ya ke bayyana

In jaririyar mace ce, sinadarin mazan nan ya kan sauya kamannin gabanta tun tana ciki, har ungozoma ta rasa abin da za ta ce wa dangi. Shi ne a kan ji ana raɗa, wai an haifi mata-maza. Wani lokaci ma a raɗa mata sunan namiji. Alhali kuwa a ciki mahaifarta da ƙwayayenta suna nan daidai, mace ce.

In namiji ne, ba abin da ido zai gani ran haihuwa. A yi suna lafiya, a ci, a sha, a watse. Can cikin mako na biyu ko na uku sai yaro ya ƙi kama nono, ya yi ta amai, ya rame, maɗigarsa ta faɗa, jikinsa ya saki. Gishirinsa ne ke zubewa. Kashi 3 cikin 4 na masu mai tsananin ciwon, maza da mata, suna da wannan zubar gishiri, im ba a kai su asibiti da sauri ba kuwa sai a rasa su. Wanda ba shi da ita ya kan girma da sauri, alamun balaga su fito masa tun yana ɗan shekara 3 ko 4, ya fi tsaransa tsawo, daga baya kuma tsawon ya tsaya da wuri.

Akwai kuma mai sauƙi, wanda ya fi yawa ƙwarai, ba ya nuna kansa sai yarinya ta tasa. Sai a ga gashi a haɓarta, da ƙurajen fuska, al'ada ta riƙa yi mata wasa, ko kuwa ta yi aure ciki ya yi jinkiri. Waɗannan alamu suna da waɗansu dalilai dabam, gwajin jini ne kaɗai ke rarrabewa.

Wane ne mai ɗauke da iri?

Ko wane mutum yana da ƙwayar gado biyu masu kula da wannan aiki, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ku ɗauke su kamar murhu biyu a madafa. In duka biyun suka rushe, ba tuwo, wannan shi ne mai ciwon. In ɗaya ya rushe ɗaya na ci, tuwo zai nuna, gida zai ƙoshi, baƙo ma ba zai san an yi ɓarna ba. Wannan shi ne mai ɗauke da iri. Ba majinyaci ba ne, ba ya bukatar magani, yawanci ma har ya tsufa bai san yana ɗauke da kome ba. An ƙiyasta kamar mutum 1 cikin 60 haka ya ke.

'Yammatan makaranta, ga aikin lissafi. Ku sami ƙwarya biyu, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba, ku sa wake fari ɗaya da ja ɗaya cikin ko wacce. Ku rufe ido ku ɗauko ɗaya daga nan ɗaya daga can, ku rubuta, ku mayar, ku sake. In kuka yi sau da yawa za ku ga ja da ja suna haɗuwa kamar sau 1 cikin 4, fari da fari sau 1 cikin 4, ja da fari sau 2 cikin 4. Ja biyu shi ne yaro mai ciwo, ja ɗaya mai ɗauke da iri, fari biyu wanda bai ɗauko kome ba. Ku lura da abu biyu. Ko wane ciki sabon ɗauka ne, ƙwarya ba ta tuna abin da aka ɗauka jiya. Sa'an nan ba yadda za a sami ja biyu daga ƙwarya ɗaya. Tilas uwa ta kawo, uba ya kawo.

Nan ne zancen auren zumunci ya shigo. In mace tana ɗauke da irin, ta auri bare, kamar 1 cikin 60 ne a ce shi ma yana da shi. In kuwa ɗan baffanta ne ko ɗan gwaggonta, abin ya koma kamar 1 cikin 8, don kakanninsu ɗaya. Ban ce auren zumunci laifi ba ne, gidaje da yawa a Ikara da Makarfi da shi aka gina su, suna zaune lafiya. Abin da na ce shi ne, dangin da aka taɓa ganin wannan ciwo cikinsu, su nemi shawarar likita kafin a sa rana.

Abin da masu bincike suka gani

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Murhu ɗaya ya isa girkin yau da kullum, to, ran biki fa, da aka cika gida? Watau tun da kotisol shi ke tallafar mutum ran wuya, ko mai ɗauke da iri zai fi sauran mutane jin nauyin damuwa? Masana sun yi wannan tambaya, ga kuwa abin da suka samo.

A 2004 waɗansu likitoci a Amurka suka gwada iyayen yara masu ciwon, tun da an tabbata iyayen suna ɗauke da irin. Suka iske kotisol ɗinsu ya ɗan gaza na sauran mutane, ƙwaƙwalwarsu kuma tana ƙara matsa wa hular ƙoda. Suka ce mai yiwuwa ne irin waɗannan mutane su fi saurin jin fargaba in wahala ta zo. A 2017 aka sake irin wannan gwaji a ƙasar Girka, aka ga alamar fargaba ta ɗan fi yawa gare su. Amma mutanen da aka gwada duka sau biyun ba su da yawa, ba kuwa wanda ya ce ya sami taɓin hankali gare su.

A cikin 2017 ɗin nan dai, likitocin ƙasar Suwidin suka bi ta wata hanya. Su can suna da littafin asibiti na ƙasa duka, sai suka duba iyayen yara masu wannan ciwo, suka gwama su da sauran jama'a, da kuma iyayen yara masu ciwon sukari. Abin mamaki, sai suka iske bayan an gane ciwon ɗansu, iyayen nan ba su kai sauran yawan kamuwa da ciwon damuwa ko shaye-shaye ba.

To, kun ji. Waɗansu sun ga ɗan rauni, waɗansu sun ga ƙarfi. Abin da ba wanda ya gani shi ne hauka. Saboda haka duk wadda aka ce mata tana ɗauke da irin nan, ta kwantar da ranta. Kada kuwa wata ta ɗauki wannan ta yi wa kishiya gori, ko ta hana ɗanta auren 'yar mutane, wai gidansu da taɓin hankali. Ƙarya ce, ilmi bai faɗi haka ba.

Masu ciwon kansu, su zancensu dabam ne. A Suwidin ɗin, binciken 2014 bisa maza da na 2015 bisa mata ya nuna sun fi sauran jama'a fama da damuwa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ke shan magani kullum tun yana jariri, yana kuma jin jikinsa ya bambanta da na tsaransa. Su ne suka fi bukatar a ja su a jika.

Inda nauyin ya ke

Sai dai ku lura da wani abu. Tun 1986 a ke gwada ko wane jariri a Suwidin. Uwa a can, kafin ɗanta ya galabaita an gane, an ba da magani, an zaunar da ita da mijinta an yi musu bayani. Mu a nan, nauyin da ke danne zuciyar mai ɗauke da iri ba daga ƙodarta ya ke fitowa ba, daga tsakar gida ya ke fitowa.

Mu ɗauka wata mata ce a wani ƙauye na ƙasar Makarfi. Ta haifi namiji, bayan suna da 'yan kwanaki ya koma. Ta sake haihuwa, mace lafiyayya. Ta sake haifar namiji, shi ma ya bi wansa. Me za a ce? A ce tana wabi. In ta sake samu a sa masa Ajuji ko a sa mata Ayashe. Wata ta ce nononta ne ba kyau, wata ta ce iska ce, wata ta nuna tsohuwar maƙwabciya ta ce mayya ce. Uwar miji ta fara zancen a ƙaro wata. Ba mai cewa a duba maigida, alhali rabin abin daga gare shi ya fito. Ban ce ko wane wabi wannan ciwo ne ba. Sikila, da zazzaɓin cizon sauro, da cutar da ke shiga ta cibiya, duk suna kashe jarirai, sun ma fi shi yawa. Amma yana cikinsu, shi kuwa yana da magani.

Ku dubi kayan da matar nan ke ɗauke da su. Ga makokin 'ya'yan da ba a bar ta ta yi kukansu ba, an ce ta yi haƙuri ta yi shiru. Ga zargi. Ga faɗuwar gaba duk sa'ad da ta ga wata ya wuce ba ta ga al'ada ba, maimakon murna. In kuma 'ya mace ta haifa mai sauyin halitta, ga ɓoyo: ba ta yi mata wanka gaban kowa, ba ta barin kowa ya goya ta, kullum tana tsoron ranar da zance zai fita. Wace zuciya ce za ta ɗauki wannan ba ta gaji ba? Labarin zuciya a tambayi fuska. Za ku ga ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ta daina shiga mutane, abin da ba ya sa ta kuka da can yanzu ya sa ta. Wannan ciwo ne na sosai, sunansa ciwon damuwa, ba rashin tawakkali ba ne, ba kuwa aljanu ba.

Haka kuma 'yar makarantar da gashi ya fito wa a haɓa, ko muryarta ta yi kauri. Kalma ɗaya ta ba'a a ɗakin kwana ta isa ta sa ta ƙi komawa makaranta. 'Yammata, ku ji tsoron Allah game da bakinku. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Abin yi

Na farko, jaririn da ya ƙi nono yana amai cikin makonni uku na farko, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a jira wanzami, kada a ce sai an yi arba'in. A tafi asibiti ran nan, ko na Ikara, ko na Makarfi, ko na Hunkuyi. In an taɓa rasa jariri ta wannan hanya a ɗakin, a faɗa wa likita da baki, a roƙe shi ya duba gishirin jinin yaron. In ya ga alama zai ba da takarda zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano da ke Kano, inda likitocin yara masu sanin wannan fanni su ke.

Na biyu, in an haifi jariri aka yi shakkar mace ne ko namiji, kada kunya ta sa a rufe ɗaki. A kai shi a duba kafin a yanka ragon suna. Jinkirin 'yan kwanaki ya fi sauya suna bayan shekaru. Banda haka ma, mai yiwuwa ne zubar gishiri na tafe.

Na uku, in an tabbatar da ciwon, maganinsa ƙwayoyi ne masu maye gurbin abin da jiki ya kasa yi: haidirokotizon, yawanci sau uku a yini, da fuludurokotizon, da ɗan gishiri ga jariri bisa awon likita. Ba a fashi, ba a dainawa don an ga yaro ya warware. Ran zazzaɓi a kan ƙara yawan maganin yadda likita ya koya, in kuwa yaro na amai ba ya riƙe shi, sai allura, maza a tafi asibiti. Yaran da a ke kula da su haka suna girma, su yi karatu, su yi aure, mata cikinsu da dama sun haihu.

Na huɗu, maigida ya raka matarsa wajen likita, ya ji da kunnensa. In da hali a tafi da uwar miji. Bayanin da likita zai yi cikin minti goma ya kan kashe gorin shekara goma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, ke mai ɗauke da iri, kada ki sayi wani magani a kemis wai don ki ƙarfafa hular ƙodarki. Ba ki bukata. Waɗansu ƙwayoyin sa ƙiba da waɗansu mayukan bilicin suna ƙunshe da dangin kotizon masu ƙarfi. In aka daɗe ana amfani da su, su kan sa hular ƙoda ta yi sanyi da aiki, su hana barci, su rikita hali. Ki nisance su.

Na shida, in baƙin ciki ko fargaba ya wuce mako biyu bai sake ki ba, ya hana ki ci, ya hana ki barci, ya hana ki kula da goyonki, ki faɗa wa wadda kika amince da ita, ku tafi asibiti tare. In har zuciya ta fara raya miki gwamma mutuwa, kada ki kwana da wannan ke kaɗai, ki faɗa ran nan. Akwai likitocin wannan fanni a Shika, akwai kuma asibitin gwamnatin tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna. Zuwa can ba ya nufin an haukace, kamar yadda zuwa wajen likitan ido ba ya nufin an makance. Ki yi addu'a, ki sha magani, su biyun ba kishiyoyi ba ne.

Ku kuma 'yammata, wadda ƙanenta ko ƙanwarta ke da wannan ciwo ita kuwa lafiya lau, lissafin ƙwaryar nan ya nuna kashi 2 cikin 3 tana ɗauke da irin. Wannan ba abin kuka ba ne, ba zai hana ki karatu ko aure ko haihuwa ba. Abin da ya ke nema gare ki shi ne, in lokacin aure ya zo ki faɗi gaskiya, ku nemi shawarar likita ke da wanda zai aure ki, in kuma kin sami ciki ki gaya wa ungozomar asibiti tun wajen awo, don a shirya wa jaririn tun bai iso ba. Kayan sammako, da maraice a kan ɗaure shi.

'Yan'uwa, ba mai zaɓen abin da zai gada, kamar yadda ba mai zaɓen tsawonsa ko launin fatarsa. Amma gori da raɗa da nuna yatsa, waɗannan mu ke yin su da bakinmu, mu ne kuwa za mu iya barinsu. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. In akwai mai wabi a unguwarku, ku je ku gaishe ta, ku zauna da ita, ku gaya mata akwai abin da likita zai iya dubawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Mai tambaya ta rubuto ta hannun Edita, ba sai ta sa sunanta ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen abincin mai jego. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.

Taku 'yar'uwa, Malama.